Kafin Motar Agadas ta Tashi, Ki Shiga Gidan su Salma

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Zuwa ga ɗiyata ta fari,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, ya tsare ki zaune, ya tsare ki tafe, ya sa hanyar da ke gabanki ta yi miki sauƙi.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni alhali kwano ɗaya muke sa hannu. Amma kin san ni da ke ba mu saba doguwar magana ba. Ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kamawa da bakina ba, haka aka tashe mu a garinmu, kuma girma ya kama ni ban iya canzawa ba. Ban da haka na lura abin da aka rubuta ya fi shiga kunnenki. Sai in yi ta kiranki daga madafa kina zaune da salula a hannu kamar an dasa ki, amma da a ce a rubuce kiran ya zo da tuni kin amsa. To ga shi na rubuto. Ki yi haƙuri da hannuna, rubutun wadda ta bar lakwal, makarantar boko, tun tana ƙaramin aji ne.

Jibi in Allah ya kai mu za ki hau mota zuwa Agadas, daga can ki wuce Damagaram wurin gwaggonki ki fara karatun aikin likita. Babanki ya baro gonar da yake aiki a Samnu don ya raka ki tasha, kuma ya sa kin zaga layinmu na Mahdiya, nan Sabha ta Libiya, gida gida kin nemi yafiya, kamar yadda duk mai shirin shiga sahara yake yi. Kin san ba don ado ake yin haka ba. Mun ga waɗanda suka hau mota da dariya ba a sake jin labarinsu ba, shi ya sa ba a shiga wannan rairayi da haƙƙin wani a wuya. Na ji daɗi da aka ce mini kin durƙusa har gaban tsohuwar nan mai wanki da kuke tsokana kuna yara. Amma ina tsaye a bakin rumfata ina kallonki lokacin da kika iso ƙofar gidan su ƙawarki Salma. Kin rage tafiya, kin gyara mayafi, kika wuce.

Wannan ƙofar ce ta sa na ɗauki biro.

Bari in fara da littattafan nan naki, tunda daga can abin ya taso. Lokacin da kika fara karanta su na ɗauka ɓarnar takarda ce. Layi gajere gajere, rabin shafi fari fat, na ce wannan marubuci ko dai rowar magana gare shi ko takarda ta yi masa yawa. Sai kika ce mini labari ne cikakke, amma an jera shi baiti baiti kamar waƙa, kuma na 'yan shekarunku ne: yarinya da ƙawarta, yaron da ta fara so, da yadda take neman gane ko ita wace ce. Kika dinga karanta mini da Larabci kina juyawa da Hausa ina tsince shinkafar da zan dafa wa leburori. Ban taɓa gaya miki ba, amma na so su. Akwai wanda kika karanta mini, na yarinyar da ƙawarta ta ƙaura ta bar ta, sai da na ce miki albasa ce ta shiga idona, alhali ranar ko albasa ban yanka ba.

Da kika ce kin fara rubuta naki, kaina ya yi girma. Na ce a raina ɗiyar mai shinkafa da wake ce za ta yi littafi. Kika zauna kan buhun gawayi kika karanta mini: yarinya mai wushirya da ke rufe baki in za ta yi dariya, gidansu mai shuɗiyar ƙofa da itacen lemun tsami, tana hawa soro shanya daidai lokacin da mai gyaran salula na bakin titi yake rufe shago zai tafi sallar la'asar. Baitocin sun yi daɗi, ba zan ɓoye miki ba. Kuma tun ba ki yi nisa ba na gane Salma ce, don duk Mahdiya wushirya irin wannan da ƙofa irin wannan a gida ɗaya suka haɗu. Na buɗe baki zan yi magana, sai mai saye ya zo, na tashi na zuba masa, na dawo na ce miki kawai ya yi kyau. Wannan kuskurena ne. In kin ga abu zai cutar da wani, ki faɗa tun yana hannun mai shi, kada daɗin abin ko kunyar ɓata wa mutum rai su rufe miki baki.

Sauran kin fi ni sani. Kin tura shi a zauren 'yan ajinku na waya, aka yi ta yabo, aka yi ta turawa gaba, har ya faɗa hannun yayan Salma. Ya karɓe mata waya, aka hana ta zuwa makaranta, aka hana ta hawa soron gidansu. Mai gyaran salular ma ya kwashe kayansa ya koma wata unguwa. Kin san garin nan, sunan ɗiya mace ba ya ɗaukar wasa, balle a gidan Larabawa. Yarinyar da kuka tashi tare, wadda ta koya miki Larabcin makaranta ke kika koya mata cin yaji, ta shafe watanni ba ta leƙo titi ba. Da na yi miki magana sai kika ɗaure fuska kika ce, "Inna, ai labari ne, kuma na canza suna."

Ban amsa miki ba a ranar, don amsar doguwa ce. Ga ta yanzu.

Ni ma an taɓa yi mini waƙa, kuma ni ma an canza suna. A ƙauyenmu na ƙasar Tanut, ina budurwa kamar ke, ina da ƙawa ana ce mata Hajo. Ba ni da kamarta. Tare muke zuwa rijiya, tare muke tallar nono, in an ga ɗaya sai a tambayi ina ɗayar. Allah ya ba ta baki. In ana daka a gidan biki ita ke ba da waƙa sauran mata na amshi, kuma ba ta haddace ba ce, nan take take ƙirƙira, duk abin da idonta ya faɗa a kai sai ya shiga baiti. Ke ma irin wannan baiwar gare ki, ita da taɓarya, ke da salula.

A lokacin akwai wani saurayi da ke zuwa cikin ayarin gishirin Bilma, suna sauka bayan kasuwarmu da raƙumansu. Ana ce masa Ilyas. Dogo ne, ba ya son magana, in zai auna gishiri sai ya ƙara ɗan gutsure a kai ba tare da ya dubi mutum ba. Shi ke nan abin da ya taɓa shiga tsakaninmu, amma ni na ɗauke shi na sa a zuciya, na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya. Duk ranar kasuwa sai na ƙirƙiro dalilin sayen gishiri. Ban gaya wa kowa ba sai Hajo, a hanyar rijiya, bayan na sa ta rantse.

Sai aka yi bikin wata 'yar uwarmu. Tsakar gida cike da mata, turame a jere, da hantsi. Hajo ta ɗaga murya ta fara waƙar wata yarinya da tukunyar gishirin gidansu ta cika har tana zuba, amma duk kasuwa sai ta ce gishiri ya ƙare. Ta ba ta wani suna daban, sunan da babu mai shi a ƙauyen. Matan suka kwashe da dariya suna amshi, kuma duk suka juyo suna kallona, har da innata. Na ajiye taɓarya na sunkuyar da kai. Har yau in na tuna sai in ji zafin nan a bayan wuyana.

Kafin la'asar waƙar ta isa kasuwa. Babana bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba, ya ce dai daga yau ƙanena ne zai dinga yin cefane. Samarin gari suka dinga rera wa Ilyas ita in ya wuce, shi kuma mai kunya ne, shekarar da ta biyo ayarinsu ya zo babu shi. Ban sake ganinsa ba. To ki ji da kyau, ɗiyata: canza suna ba ya ɓoye mutum a wurin waɗanda suka san shi, kuma su ne kaɗai yake jin kunyarsu. Abin da ƙawa ta gaya miki a hanyar rijiya ko a bayan aji ajiya ce ta ba ki. Ko da ya fi komai daɗin shiga baiti, ba naki ba ne, sai kin tambaye ta.

Tunda na ambaci Ilyas, bari in gaya miki wani abu a kan so na farko, don na san a Damagaram za ki haɗu da naki in ba ki riga kin haɗu ba, kuma ba za ki gaya mini ba. Na yi shekaru ina ganin an raba ni da rabin raina. Sai da na girma na zauna na tambayi kaina me na sani game da shi. Ban san sunan ubansa ba, ban san ko yana da fushi ba, ban san yadda yake yi wa uwarsa magana ba. Tsayinsa na sani da gutsuren gishiri, sauran duk ni na ɗinka masa. Ba na ce abin da na ji ƙarya ba ne, gaskiya ne, ya yi zafi kuma ya yi daɗi, kada ki yarda wani ya ce miki shirme ne. Amma bugun zuciya daban, sanin mutum daban. Littattafanku sun iya faɗin na farkon, shi ya sa suke da daɗi. Na biyun sai an zauna, an ga mutum ranar da ya gaji, ranar da aka ɓata masa rai, ranar da ba shi da komai. Babanki ban taɓa kasa cin abinci saboda shi ba, amma shekarar da na kwanta ciwo bayan haihuwar ƙanenki, shi ya bar gona ya zo ya tsaya a rumfa yana zuba wa leburori shinkafa suna yi masa dariya. In wani ya shiga ranki, kada ki ɓoye wa gwaggonki, ta fi ni sakin fuska. Kuma ki ba abin lokaci.

In koma kan Hajo. Daga ranar bikin nan na daina yi mata magana. In ta biyo ta gabas sai in bi ta yamma. Na ƙudura a raina cewa da gangan ta yi, hassada ce, so take ta tozarta ni. Nan ma na yi kuskure, kuma ke ce kika ganar da ni ba ki sani ba. Ranar da kike karanta mini baitocinki a kan buhun gawayi na dubi fuskarki, na ga yadda idonki ke ƙyalli, babu mugunta ko kaɗan a ciki, daɗin abin da kika ƙera ne kawai ya ɗauke ki. Sai na tuna haka fuskar Hajo take a bakin turmi. Waƙar ce ta zo mata, ta yi kyau, ta kasa riƙe ta. Mai yiwuwa ma ta ɗauka kyauta take yi mini. Shi ya sa ban taɓa ce miki muguwa ba, kuma ba zan bari wani ya ce ba. Amma rashin niyya bai rage wa Salma ko yini ɗaya na zaman ɗaka ba.

Ga abin da nake so ki fi riƙewa. Fushina da Hajo bai daɗe ba. Kafin damina ta zagayo ya huce, abin da ya rage kewa ce. Ina son ta zo. Ba wani dogon bayani nake nema ba, ta tsaya a ƙofa kawai ta ce ta yi kuskure, da na rungume ta. Ita kuma kunya ta hana ta, tana ganin ba zan saurare ta ba. Haka muka zauna a ƙauye ɗaya, ni ina jira, ita tana tsoro, har aka yi mini aure, har babanki ya aiko in biyo shi Sabha.

Ranar tafiyata mutanen gari suka yi ta shigowa ana yafe wa juna. Duk sallamar da na ji sai in ce ita ce. Aka kai ni bakin hanya, na hau bayan kamyo, babbar motar kaya, kan buhunan gero, ina ta waige. Na hango ta can nesa gindin wata aduwa, da tulu a kai, ta tsaya. Ba ta matso ba, ni ma ban ɗaga hannu ba, don ina ganin ni aka yi wa laifi, ita ya kamata ta fara. Motar ta tashi. Daga baya a nan Sabha, kina goye a bayana, wani direba ɗan ƙasarmu ya tsaya cin abinci a rumfata, cikin hira yake ce mini Hajo ta rasu wurin haihuwa. Na zuba masa miya, na shiga ciki, na zauna a ƙasa.

Na yafe mata tun da daɗewa, amma ba ta ji daga bakina ba, kuma wannan ne abin da ban iya gyarawa. Na sha yi mata addu'a, na sha yin sadaka da sunanta, duk da haka in na tuna tsayuwar nan tata gindin aduwa sai in ji ƙirjina ya yi nauyi. Ba na so ki ɗauki irin wannan kaya ki shiga sahara da shi. Ke yarinya ce, kina ganin za ki dawo hutu ki gyara, ko ki turo saƙo in kin isa. Wace wayar za ki tura wa, tunda an karɓe? Kuma wa ya ba ki tabbacin za ki tarar da ita a gidan? Mutanen garin nan yau suna nan, gobe sun koma Tarabulus ko an kai yarinya wani gari.

Na san abin da ke tsorata ki. Kina tsoron yayanta ya tare ki a ƙofa ya gaya miki magana, kina tsoron uwarta ta ƙi amsa sallamarki, kin fi tsoron Salma ta dube ki ta kau da kai. Duk suna iya faruwa. In sun faru ki tsaya ki shanye, ba za su kai abin da ita ta shanye ba. Kada ki je da bayani. Kada ki ce labari ne, kada ki ce kin canza suna, kada ki ce ba ke kika tura wa yayanta ba. Ki ce kin ɗauki abin da ta ba ki ajiya kin baza, kin yi kuskure, ta yafe miki. Sai ki yi shiru ki bar ta ta yi magana, ko ta yi kuka, ko ta zage ki. In ta ce ba ta yafe ba, wannan haƙƙinta ne, ke dai kin kai kanki.

Kuma kada ki ce daga yau kin bar rubutu. Na ga tun da abin ya faru ba ki sake jera ko baiti ɗaya ba, littattafan ma kin tura su ƙarƙashin gado. Wannan ba tuba ba ne, fushi ne da kanki, kuma ba zai amfani Salma da komai ba. Baiwa ce Allah ya ba ki, ki koyi riƙe ta kawai. In labari kike nema, ga naki nan ba ki taɓa ba. An haife ki a Sabha amma nan 'yar Nijar ake ce miki, jibi za ki tafi ƙasar da ba ki taɓa gani ba inda za a ce miki 'yar Libiya, su yi dariyar Hausarki mai gauraye da Larabci, ki nemi kubza, burodin nan da kika saba, da safe a miƙo miki koko. Za ki kwana kina tambayar kanki ke ta ina ce. Ki rubuta wannan, naki ne, babu wanda za a kulle a ɗaka saboda shi. In kuma wata rana labarin wani ya zo miki ya yi daɗi har kin kasa riƙewa, ki fara kai wa mai shi ya ji kafin kowa. Har ni na ba ki izinin nawa, da Ilyas da gishirin da komai, sai dai ki bari babanki ya tsufa tukuna.

Saura magana ɗaya. Jiya da hantsi kina wurin ɗaukar hoton takardunki, Hajiya Mabruka, uwar Salma, ta zo rumfata. Rabon da ta tako nan tun kafin abin ya faru. Ba ta zauna ba. Ta ciro wani ƙunshi daga cikin mayafinta ta ajiye mini a kan tebur, na buɗe na ga ka'ak ne, gurasar nan tasu mai kamar zobe da ake yi wa matafiyi guzuri don ba ta lalacewa a hanya. Ta ce mini da Hausarta ta kasuwa, "Salma ta yi, da hannu nata. Ba ta sa habbatus sauda, ta ce ɗiya naki ba ta so. Ta ce wallahi kar ki gaya, ki ce ke kin saya."

Na ce mata to. Ƙunshin yana cikin jakarki ta hannu, ƙarƙashin sallaya.

Kin ga ni ma yanzu na fasa ajiyar da aka ba ni, da sanina kuma na yi. Don haka ina da yafiyar da zan nema a gidan nan. Gobe in na sauke tukunyar safe zan yafa mayafina in tafi. Ba zan kira ki ba, ba zan leƙa ɗakinki ba. Zan dai tsaya kaɗan a bakin ƙofarmu in gyara takalmi. In kin fito, mu tafi tare.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare motarku daga ɓata da ƙishirwa da mugun mutum, ya sa ki sauka a hannun masu tausayi. Allah ya ba ki ilimi mai amfani da abokan zama na gari, ya tsare harshenki da alƙalaminki daga haƙƙin mutane. Duk abin da kika taɓa yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe miki duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini.

Innarki,
Mahdiya, Sabha.